An Sayi Kwamfuta, An Manta da Malami

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Najeriya saboda korona, kuma kafin a yi wata guda maganar karatu ta intanet ta cika gari. Kwamishinonin ilimi suka yi ta fitowa a talabijin suna alkawarin cewa karatun yara ba zai tsaya ba. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka sa darussa a rediyo da talabijin, makarantun kuɗi suka buɗe zaurukan WhatsApp, na masu hannu da shuni suka koma Zoom. Jami'o'in gwamnati kuwa ko wannan ba su samu ba, domin a cikin watan ne ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Da aka koma aji, malamai da yawa sai da suka ja da baya suka ɗauko karatu daga inda aka ajiye shi kafin kulle.

Tun daga nan mutane suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ai ga shi an gani, karatu ta waya wasan yara ne, babu abin da ya kai allo da alli. Wasu suka ce a'a, kayan aiki ne ba mu da su, da za a raba kwamfuta a kawo sabis mai ƙarfi da an ga aiki da cikawa. A ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ke sa karatu ya zauna shi ne samun mutumin da ke bibiyar ɗalibi, wanda zai saurari abin da ya koya, ya gyara masa kure, ya kuma lura idan ya ɓace. A aji wannan mutum yana tsaye gabanka ko ba a shirya ba. A intanet kuwa sai an nemo shi, an horar da shi, an biya shi albashi. Shi ne kuma abin da ake fara sokewa idan an zo yin kasafi.

Bai kamata wannan ya zame wa Bahaushe sabon labari ba. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun, malam ya gamsu cewa ya zauna. Idan ya ja harafin da ba a ja, nan take za a tare shi. Malam kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da nauyin ba, gardawa suna riƙe da ƙananan almajirai, kowane yaro yana da wanda ya san shafin da yake. Haka abin yake a zaure: magidanci ya zo da littafinsa na fiƙihu ko nahawu, malam ya karanta ya fassara, shi ya maimaita, gobe kuma sai ya biya na jiya kafin a yi masa ƙari. Tsangaya tana da matsalolinta, bara da duka da rashin kula da lafiyar yara ba abin yabo ba ne. Amma a wannan gaɓa guda, wato kada a bar ɗalibi ya wuce gaba ba tare da wani ya ji daga bakinsa ba, tsarin ya fi yawancin abin da ake tallatawa yau da sunan ilimin zamani.

Karatu daga nesa ma ba baƙonmu ba ne. Shekara da shekaru mutane sun saurari tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a Rediyon Kaduna, daga baya kaset ya zo, yanzu ga karatuttuka cike da wayoyinmu. An amfana matuƙa. Amma babu wanda ya zama malamin tafsiri don ya daɗe yana sauraron rediyo. Wanda sauraron ya motsa shi sai ya ɗauki littafi ya nemi zaure. A ɓangaren boko kuma, tun zamanin Turawa akwai 'yan Najeriya da suka yi karatu ta gidan waya da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, har wasu suka ci digirin Jami'ar Landan ba tare da sun taka Landan ba. Ko a wannan tsari ɗalibi yana aika amsoshinsa, wani malami a can ya duba da jan biro ya dawo masa da su. Wasiƙar tana ɗaukar makonni, amma tana dawowa da gyara.

Turawan da muke kwaikwayo sun riga mu faɗawa ramin da muke nufa. A 2011 wani malamin Jami'ar Stanford a Amurka, Sebastian Thrun, ya buɗe darasinsa kyauta a intanet, mutum kusan 160,000 suka yi rajista. Duniya ta ɗauka, a 2012 aka buɗe manyan dandalin darussan intanet irin su Coursera da edX da Udacity, har ana cewa kwanan jami'o'i ya ƙare. A 2013 Jami'ar Jihar San Jose ta haɗa gwiwa da Udacity don koyar da lissafi ga ɗalibai masu rauni a farashi mai sauƙi. Cikin 'yan watanni aka dakatar da shirin, saboda waɗanda suka faɗi sun yi yawa idan aka kwatanta da na aji. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, wanda ya duba darussan Harvard da MIT a edX, ya gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka yi rajista suka kai ƙarshe. Ba za a ce malaman ba su iya ba, manyan farfesoshin duniya ne. Ba za a ce babu wuta ko sabis ba. Abin da babu shi ne wanda zai kira ka ya ce, wane, makonni biyu ban gan ka ba, lafiya?

Maganar raba na'ura ma an gwada. Ƙasar Peru ta sayi ƙananan kwamfutoci sama da 800,000 ta raba wa yaran makaranta a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya binciki makarantun karkara 319, ya fitar da sakamako a 2012: yara sun iya taɓa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ɗaga ba. Malaman da aka ɗora wa kayan ba su sami isasshen horo ba. Mu ma mun yi namu, daga gwajin irin waɗannan kwamfutoci a makarantar Galadima ta Abuja a 2007 zuwa Opon Imo, shirin raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu a Jihar Osun a 2013. Duk wanda ya zagaya makarantun sakandaren gwamnati a Arewa ya san ɗakin nan da ake kira ɗakin kwamfuta, mai ƙaton kwaɗo a ƙofa, makulli na aljihun shugaban makaranta, kayan na ciki sun sha ƙura, ba a buɗewa sai ranar da manyan baƙi za su zo.

Dalilin da ya sa gwamnatoci ke son na'ura fiye da mutum ba ɓoyayye ba ne. Kwamfuta kwangila ce, ana sayenta sau ɗaya, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Malamin da zai riƙa bibiyar ɗalibai kuwa albashi ne na kowane wata, kuma ba ya fitowa a hoto.

Misalin da ya fi burge ni daga Afirka ya fito, kuma a lokacin koronar ne. A Botswana wata ƙungiya mai suna Young 1ove tare da masu bincike suka gwada abu mai sauƙi a gidaje kusan 4,500. Wasu gidajen aka riƙa tura musu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako. Wasu kuma bayan saƙon sai wani ya kira waya na minti 15 zuwa 20, ya bi tambayoyin tare da yaro da iyayensa. Waɗanda aka bari da saƙo kaɗai ba su nuna wani ci gaba na a zo a gani ba. Waɗanda aka riƙa kira kuwa lissafinsu ya ƙaru. Babu kwamfuta a cikin wannan labari, babu ma intanet. Ƙaramar waya ce irin wadda ke kusan kowane gida a Gumel ko Illela, da muryar mutum a ɗaya gefen.

Makarantun da suka daɗe suna karatu daga nesa kuma suka yi suna sun san wannan tun farko. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta fara karatu a 1971, an fi saninta da darussan da BBC ke watsawa, amma ƙashin bayanta shi ne malaman da aka raba wa ɗalibai rukuni-rukuni, kowane malami yana duba aikin nasa yana rubuta musu sharhi. A nan gida, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, an kafa ta a 1976 don samar da malaman shirin UPE na ilimin firamare ga kowa, kuma dubban malaman firamare sun sami takardar NCE ta hanyarta suna bakin aikinsu. Littattafai ake ba su su karanta a gida, amma a ƙarshen mako da lokacin hutu suna haɗuwa da malamai a cibiyoyin karatu. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda Shagari ya kafa a 1983, gwamnatin soja ta dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita bayan dawowar mulkin farar hula, ita ma tana da cibiyoyin karatu sama da 100, har da na gidajen gyaran hali inda fursunoni ke karatu kyauta.  Jami'ar da ta ce karatunta daga nesa ne, me take yi da gine-gine a kusan kowace jiha? Saboda ɗalibi yana buƙatar wurin da zai je ya sami mutum.

To amma kada mu yaudari kanmu da cewa ajinmu na yau yana ba da wannan kulawa. Ajin firamaren da yara ɗari ke zaune a ƙasa da malama ɗaya, yaron da ke can baya kusa da taga shi ma karatu daga nesa yake yi. A manyan jami'o'inmu ɗaliban ajin farko sukan cika ɗakin lacca har wasu su tsaya a waje, malami ya yi magana babu lasifika, ya sayar da handawut, a haɗu a jarrabawa. Ɗalibi zai gama shekara huɗu babu malamin da ya san sunansa sai wanda ya duba masa kundin kammalawa. Don haka masu cewa a koma allo da alli kawai su ma suna kare abin da ya daɗe da lalacewa. Tsarin intanet da aka ba kowane ɗalibi ashirin ko talatin malami ɗaya mai amsa waya zai iya fin irin wannan aji nesa ba kusa ba. Tsarin intanet da aka watsa bidiyo aka juya baya kuwa ya fi shi muni, domin a aji ko babu komai akwai abokin zama da za ka tambaya.

Sai maganar horar da malamai, wadda a nan ne muka fi yin wasa. Mun saba da bita ta kwana uku a otal: a zo da jaka da biro, a ci abinci, a karɓi alawus da takardar shaida, a watse. Sau da yawa ma fuskokin da suka je ta bara su ne za su je ta bana, saboda suna da uwa a gindin murhu. Sai a ce su koma su koya wa sauran, abin da ba ya faruwa. Abin da ake koyarwa kuma bai wuce yadda ake kunna na'ura da buɗe manhaja ba. Koyarwa ta intanet sana'a ce daban. Malamin da ya saba magana ta awa biyu dole ya koyi gutsura darasi zuwa minti goma, domin ɗalibinsa da kuɗin data yake saurare. Dole ya koyi tsara tambayar da za ta nuna ko an gane, tunda ba ya ganin fuskar da ta yamutse. Dole ya iya rubuta gyara mai amfani, ba ya sa maki 4 cikin 10 ya yi shiru ba. Ya kuma san cewa ɗalibin da bai taɓa cewa uffan a zauren intanet ba shi ne ya fi buƙatar a neme shi. Waɗannan ba a koyonsu a kwana uku. Ana koyonsu ne a bakin aiki, tare da wani gogagge da ke leƙowa yana duba yadda ake yi, wata bayan wata.

Akwai ma abin da ya riga wannan. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da ita, kuma har yau ana muhawara a kan korar da ta biyo baya. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abu ɗaya ya fito fili: mun shekara da shekaru muna ɗaukar malamai muna jefa su aji ba tare da wani ya sake waiwayarsu ba. Malamin da ba a taimaka masa ya riƙe darasinsa da kyau ba, miƙa masa kwamfuta ba zai ƙara masa komai ba sai fargaba.

Ɗalibi ma yana buƙatar nasa horon, kuma wannan an fi mantawa da shi. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya, amma har yanzu akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta da niyyar yin aiki. Yaro ya san amsa, hannu na rawa, lokaci na tafiya. A 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da aniyar mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Ba na adawa da manufar, tana iya rage satar amsa. Amma idan aka yi haka ba tare da an buɗe waɗancan ɗakunan masu kwaɗo an sa wanda zai koyar a ciki ba, ɗan ƙauye ne zai sha wahalar. Iya latsa waya da shiga TikTok ba shi ne iya karatu ta intanet ba. Karatun yana buƙatar mutum ya tsara lokacinsa da kansa, ya karanta dogon rubutu da Turanci ba tare da mai fassara ba, ya san yadda zai nemi taimako. Yaron da tun firamare aka saba masa da kwafar abin da aka rubuta a allo, ba za a wayi gari a ce ya zama mai koyar da kansa ba.

Idan babu mai bibiya, abin da ke biyo baya sananne ne. A bakin makarantu da dama akwai shagunan kwamfuta da sana'arsu ita ce yi wa ɗalibai aikin gida na intanet, ka ba da lambar shiga da 'yan kuɗi, ka dawo ka tarar an gama. Yanzu kuma ga ChatGPT da 'yan uwansa, waɗanda ke rubuta amsa cikin daƙiƙa. Wasu na cewa waɗannan manhajoji za su maye gurbin malamin da nake magana a kai. Suna da amfani, ɗalibi mai himma zai iya yi musu tambaya da tsakar dare su warware masa. Amma zuwansu ya ƙara sa dole a sami mutumin da zai zaunar da ɗalibi, ko ta waya ne, ya ce bayyana mini abin da ka rubuta da bakinka. In ba haka ba za mu riƙa raba takardun shaida ga mutanen da babu wanda ya taɓa jin karatunsu.

Taimakon kuma ba na darasi kaɗai ba ne. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wutar lantarki kowa ya san halinta, ɗalibi sai ya kai waya shagon caji kafin ya saurari lacca. A 2021 an rufe sabis gaba ɗaya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, wato a yankunan da aka fi rufe makarantu saboda 'yan bindiga, a nan ne kuma intanet ɗin ya ɗauke. Tsarin da ya san inda yake aiki zai tanadi darasin da za a sauke sau ɗaya a saurara ba tare da data ba, da saƙon murya cikin Hausa, da littafi bugagge, da cibiya mai sola a kusa. Dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 yana da darussa har da na Hausa, abin a yaba ne. Amma darasin da ke ajiye a dandali ba ya tashi ya je gidan kowa, sai wani ya kai shi.

Waɗanda suka fi cancantar a yi wannan abu da kyau dominsu su ne matan aure. Akwai mata bila adadin da aure ko haihuwa ya yanke musu karatu, waɗanda ba za su iya zuwa Zariya ko Maiduguri su zauna a hostel ba, amma za su iya karatu a ɗaki bayan yara sun yi barci. Irin wannan ɗaliba ita ce ta fi saurin ajiyewa idan yaro ya kwanta ciwo ta rasa mako biyu. Abin da zai dawo da ita shi ne malama mace da za ta kira ta ta ce, Maman Ummi, kada ki damu, ga inda za ki kama. Haka ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke neman digiri, da ɗan kasuwar Kwari da ya bar makaranta tun sakandare.

Na san za a ce wannan duk kuɗi ne, alhali an rungumi intanet ne don rage kashe kuɗi. Gaskiya ne, kuɗi ne. Karatu daga nesa yana rage kuɗin gini da hostel da kujeru, ba ya rage buƙatar mutane. Abin da aka tsimi daga bulo da siminti kamata ya yi ya tafi albashin masu bibiya. Mutanen kuma muna da su: kwalejojin ilimi suna yaye masu NCE kowace shekara suna zaman jiran aiki, kuma shirin N-Power da aka fara a 2016 ya nuna ana iya ɗaukar dubban matasa masu digiri a tura su makarantu. A ba irin waɗannan horo na gaske, a ba kowannensu ɗalibai ashirin da biyar da kuɗin kira, a sa wani babba yana duba aikinsa.

Hukumar NUC da ke ba jami'o'i lasisin karatu daga nesa ita ma ya kamata ta riƙe wannan ma'auni da ƙarfi. Yawan kwamfutoci da kyawun shafin intanet ba su isa hujja ba. A tambayi ɗalibai nawa ke ƙarƙashin kowane malami, kwana nawa ake ɗauka kafin a mayar wa ɗalibi aikinsa da gyara, mutum nawa cikin waɗanda suka shiga suka fita da sakamako, a kuma wallafa amsoshin kowa ya gani. Kafin hukuma ta yi nata, mai shirin biyan kuɗin irin wannan makaranta, nasa ne ko na ɗansa ko na matarsa, ya nemi a gaya masa sunan malamin da zai riƙa duba aikin da kuma ranar da ake samunsa. Idan aka ce masa komai yana cikin manhaja, ya riƙe kuɗinsa ya duba wata.